Kawuna Mai Dokoki Huɗu da Ɗakin Ƙurya

Daga Allah muka zo, gare Shi muka nufa, Kawu dai ya riga mu kama hanya. Ranar da muka dawo daga kai shi, an baza tabarmi tun daga ƙofar gida har bakin titi. Jama'a kuwa, in na ce ƙasar Damargu kaf ta zo za ku ce dillalin awaki ya fara halinsa. To na rage: an bar guragu da masu jego a gida.

Ina zaune ina karɓar gaisuwa, kunnena yana kiwo. Wani tsohon ɗalibinsa, yanzu jandarma ne mai tumbi kamar randa, ya durƙusa yana share hawaye da hula, ya ce, "Har gobe in na ga baƙin allo gabana faɗuwa yake. Amma shi kaɗai ne malamin da bai taɓa ce mini jaki ba." Wata tsohuwa maƙwabciya ta ce, "Allah Ya hutar da shi," ta rage murya, "Ya hutar da masu jinya." Maganar da ta tsaya mini a wuya ta wani mutumin Belbeji ce. Ya yi addu'a, ya shafa, sai ya matso kusa da kunnena: "Ashe sai yanzu Malam ya rasu? Mu can mun daɗe da yi masa fatiha."

Ban ga laifinsa ba. Tun da hawan jini ya kayar da Kawu, ya shanye masa ɓarin dama, ya ɗauke masa harshe, aka kai shi ɗakin ƙurya aka saki labule. Damina ta zo ta wuce, wata ta kusa, yana ciki. Gida ya rabu a kan tambaya ɗaya: shin Kawu yana nan a cikin jikin, yana ji yana ganewa, ko gangar ce kawai ta rage? Don in yana nan, to mun kulle mutumin da ya fi kowa son mutane a garin Tanut, muka bar shi da rufin ɗaki. Dalilin wannan rubutu ke nan. Ba na so a tuna shi a matsayin labule.

Wan mahaifiyata ne. Ya koyar da kimiyya a kwaleji har ya ajiye alli, kuma a duniya yana da ciwo ɗaya: wasu dokoki huɗu, layuka huɗu na lissafi, waɗanda ya ce su ke riƙe da duk wani abu mai suna lantarki, da maganaɗisu, da haske. Na taɓa ganinsu a allo. Alwatika a kife, ƙugiyoyi, ɗigo a inda ba a zata ba, kamar kaza ta taka tawada ta yi rawa. Shi kuwa in ya dube su, sai fuskarsa ta yi laushi kamar ta mai kallon jikansa.

"Lissafin nan rigar sarauta ce kawai," in ji shi. "Tuɓe ta, za ka ga mutum ne irin ka. Abin da ba za a iya gaya wa mai tallan fura ba, mai faɗarsa ne bai gane ba."

Da ya bar lakwal, wato makarantar boko, sai ya mayar da zaurensa aji, mu kuma al'ada ta kama mu. Kun san in ka je gaida babba ka zauna, ba ka miƙewa sai ya sallame ka. Kawu ya gano wannan tarko, ya ɗana shi da kyau. Ka shiga da hantsi ka ce "Ina kwana, Kawu," ba za ka ga rana ba sai ta karkata. Na san mutumin da ya shiga aron gatari yana saurayi, ya fito da furfura. Har aka yi zamanin da samarin unguwa ke zagayawa ta bayan masallaci don kada ya hango su. Ni kuwa ɗan ƙanwa ba ni da hanyar zagaye. Na sha dokokin nan har sun fito mini ta hanci.

Ta farko da mataji yake fara ta. Ya goga shi a gashin kansa, ya kai kusa da ƙaiƙayi, ƙaiƙayi ya yi tsalle ya manne. "Ka ga? Akwai abu a matajin nan da ke miƙa hannu ta kowane gefe. Ka tuna rijiyar makiyaya. Duk turbar da ka gani a dajin, ko daga bakinta ta taso, ko a bakinta ta ƙare. Lantarki haka yake, turbobinsa suna da mafari, suna da maƙura. In ka kewaye fili da danga ka ga turbobi suna ta fita babu masu shiga, kada ka tambayi kowa, akwai rijiya a ciki."

Ta biyu ita ta jawo rigima. Yana buƙatar maganaɗisu, abin da Inna, matarsa, take kira mayen ƙarfe. Sai ya duba ya ga rediyonta. Ta tafi suna, ta dawo ta tarar an yi wa rediyo fiɗa a tsakar gida kamar ragon layya.

"Malam, me na yi maka?"

"Ba ki yi komai ba. Ilimi ne ya buƙata."

"Ilimi ya je ya sayi nasa! Wa zai gaya mini wanda ya mutu da wanda ya haihu?"

Ta yi yajin magana. Tuwo yana zuwa, amma miya kamar an wanke kwano. Shi kuwa ya sa guduma ya fasa mayen ƙarfen biyu, yana kiran mutane su zo su ga abin al'ajabi. Maganaɗisu kai biyu gare shi, ka raba shi don ka ware kai ɗaya, kowane gutsure sai ya sake fito da kai biyu. Ka daka shi ya zama gari, haka. "Babu gwauro a maganaɗisu," in ji Kawu. Inna daga madafa ta ce, "A gidan nan an kusa samu."

Amma akwai wani ɓangare na dokar da ba ya yin dariya in ya zo kansa. Turbar maganaɗisu, ya ce, ba ta da mafari ba ta da maƙura. Ta fita ta wannan kai, ta yi gewaye, ta dawo ta wancan, ta sake fita. Ba ta taɓa kuɓuta. Wata rana da ya zo nan, ya ce, "Ni ke nan." Sai daga baya mahaifiyata ta ba ni labari. Yana saurayi an ba shi gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, har ya kai Yamai da akwatinsa, sai ga saƙo mahaifinsu ya rasu, ga ƙanne, ga gona, ga tsohuwa. Ya juyo. Samarin Damargu kowace shekara suna tafiya cirani, wasu Agadas, wasu Libiya, shi da ya san yadda haske ke tafiya bai ƙara wuce Damagaram ba.

Ta uku da kekensa yake nuna ta, tsohon keke mai dinamo a jikin taya. Ya kifa shi, ya ce in juya feda. Fitila ta kama. Ya ce in tsaya. Ta mutu. "Maganaɗisun yana nan a ciki, wayar tana nan, me ya tafi?" Na ce ƙarfina. Ya ce, "Motsi, ɗan nan. Maganaɗisu ko ya kai tudu girma, in yana zaune ba ya haifa wa waya komai. Sai ya motsa, sai ya canza."

Ta huɗu juyin ta uku ce: lantarki in yana gudu, ko yana canzawa, shi ma sai ya naɗa maganaɗisu a kewayensa. Ya haɗa waya da batir ya kai kusa da allurar duba alƙibla, allura ta karkace. Sannan ya zo inda ya fi so. Ya nuna mana mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. "Wannan ta sauke, waccan ta ɗaga. Canjin lantarki ya haifi maganaɗisu, canjin maganaɗisu ya haifi lantarki. To ka ɗauke turmin, ka bar luguden yana tafiya shi kaɗai a sarari. Shi ne haske. Shi ne muryar da ke shiga rediyo."

"Wane rediyo?" in ji Inna.

Ni an kore ni daga lakwal tun ban yi gemu ba, kowa a dangi ya sa mini suna. Kawu ne kaɗai ya kira ni zaure, ya zuba mini shayi da hannunsa, ya ce, "Ba kai ka faɗi ba. Mu muka kasa gaya maka da bakin da ka sha nono." Ban gane dokokinsa duka ba, ban kuma taɓa manta wannan ba.

Sai ciwo ya zo. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi ba baki. Likita ya ce wataƙila yana ganewa, wataƙila a'a, Allah ne masani. Bakinsa ya karkace, yawu yana zuba ba ya iya tarewa. Babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, ma'aikaci ne a Yamai. Ya zo ya ga ubansa, ya fita bayan gida ya yi kuka, ya dawo ya yanke hukunci: a rufa wa Malam asiri. Mutumin da gari ya sani da farar riga da alli a hannu, ba za a bar kowane mai wucewa ya ga yana dalala ba. Duk wanda ya zo dubiya a ce yana barci.

Ba mugunta ba ce, ku shaida. Haka muke yi. Muna rufe babba kamar yadda ake rufe ƙwarya don ƙuda. Ba mu tambayi abin da ke cikin ƙwaryar ko yana son iska ba.

Ɗakin ƙurya taga ɗaya gare shi, ita ma an toshe ta da buhu saboda rana. Da bazara, in ka shiga da ɗanyen ƙwai ka fito da dafaffe. Kawu yana kwance, idonsa a kan azara. Mutane suka yi ta zuwa ana ce musu yana barci, har suka gaji suka daina. Mutum ɗaya ne bai daina ba: wani tsohon amininsa, Buzu makiyayi daga wajen Tenhiya, wanda a da shi kaɗai ke shiga zauren da son ransa, har ya nemi ƙari. Duk ranar kasuwa sai ya zo ya tsaya a ƙofa da baƙin rawaninsa.

"Yana barci," in ji mu.

"To. Barcin nan nasa ya fi na kada. Ku ce na zo."

Ba a cewa. Wa za a gaya wa?

Ni kaina na rage shiga. Shiru ba abincina ba ne, kuma ban san inda zan ajiye idona ba. Wata rana da hantsi dai na shiga na tarar da 'yarsa, taubashiyata, tana ba shi kunu da cokali. Ita ta bar ɗakin mijinta ta dawo jinya, ita ma ɗakin ya cinye ta. Na gaida shi, na zauna ina ta zuba surutu a kan tsadar awaki.

"Kai, bawana, ka ishe mu da awaki," in ji ta. "Kai da ka fi kowa shan karatun zaure, biya masa mana, mu ji ko akwai abin da ya zauna a ƙoƙon nan."

"Ni? Yarinya, in na fara sai an kira 'yan jarida."

Na gyara zama kusa da gadon. Na kawo rijiya da turbobinta, lafiya lau. Na kawo gwauro, har ta yi dariya. Na shiga ta uku da ƙarfina, na ce, "In ka sami maganaɗisu babba, ka ajiye shi kusa da waya, ka bar shi ya huta, wuta za ta..."

Ban ƙarasa ba. Wani abu ya cafke mini wuyan hannu. Na rantse na zaci kunama ce mai 'ya'ya. Hannun hagun Kawu ne, wanda muke ɗauka shi ma ya mutu, ya nutsa farce a fatata. Idonsa ya bar azara, yana kaina. Kallon nan na san shi.

Cokali ya faɗi daga hannun taubashiyata. Ta ce, "Sake faɗa."

Na ce, "A bar shi ya huta." Farce ya ƙara shiga.

"Gyara, ɗan banza, gyara!"

"Sai ya motsa, Kawu! Sai ya canza!"

Hannun ya saki.

Muka yi ta gwadawa kamar yara sun tsinci madubi. In na faɗi daidai, shiru. In na karkata, farce. Na ce maganaɗisu kai uku gare shi, saura kaɗan ya cire mini jijiya. Ina dariya hawaye na zuba, ban san wanne ya riga ba. Sai taubashiyata ta durƙusa, ta sa hannunta cikin nasa, ta ce, "Baba, in eh ne ka matsa. Kana jin duk abin da muke faɗa?" Ya matsa. "Tun farko?" Ya matsa. "Kana so a fitar da kai?"

Ya matsa, bai saki ba. Sai da ta ce, "Baba, za ka karya ni."

Na fita na kira Yaya a waya, ina haki. Nan sana'ata ta ci ni.

"Kai fa dillali ne," in ji shi. "Kai ne ka rantse wa mutane akuya mai tari waƙa take yi. Jijiya ce take harbawa."

"Yaya, jijiya ta san doka ta uku?"

Sai da ƙanwarsa ta karɓi wayar tana kuka ya yarda. Ya ce to, za a fito da shi, amma da mutunci. Zai aiko da keken marasa lafiya daga Yamai, a shafe zaure, a ɗinka sabuwar riga. A jira.

Muka jira. Yau keke yana kanti, gobe yana tasha, jibi direba ya manta. Wannan jiran ya fi na baya ciwo, don yanzu mun san akwai mai ƙirga shi tare da mu. In na shiga, idon Kawu ya tashi daga fuskata ya tafi ƙofa, ya dawo, ya koma ƙofa. Ni kuma in ce, "Keke na hanya, Kawu." Ƙarya ba ta taɓa yi mini nauyi a baki ba sai a ɗakin nan, alhali wannan gaskiya ce.

Inna ce ta fi shiga uku. Ta same ni a tsakar gida ta ce, "Ashe duk abin da nake faɗa yana ji? Tun aurenmu nake neman fili in yi magana bai bari ba. Da na ga ya yi shiru na zazzage masa duka, har da rediyona." Ta yi dariya, ta sa gefen zane a ido. "Har na ce a gabansa Allah Ya ɗauke shi ya huta. Yana ji."

Da safiyar wata ranar kasuwa ta fito daga ɗakin, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta ce, "Ku fito da shi."

"Inna, Yaya ya ce..."

"Mijina ne kafin ya zama uban wani. Ɗauko katifar."

Na kira maƙwabta, muka kama katifa ta kowane gefe. Kawun da a da in ya yi gyaran murya kaji ke watsewa, bai kai nauyin damin kara ba. Da muka fito tsakar gida rana ta buge shi, ya runtse ido, hawaye suka gangaro. Na ce mu koma? Farce. Muka wuce zaure, muka jingina shi da bango, da tsohuwar riga, ba shafe ba komai.

Labari ya riga mu fita. Mutane suka fara leƙowa, suna shiga ɗaya bayan ɗaya, suna gaisuwa da murya ƙasa ƙasa. Sai abin da Yaya ke tsoro ya faru. Yawu ya taru a gefen bakin Kawu, ya zubo, ya bi gemu, ya sauka a riga, a gaban kowa. Wasu suka dubi ƙasa, wasu suka dubi rufi. Na ga idon Kawu ya rufe. Ina laluben tsumma, hannuna na cikin nasa, na kasa tashi.

Sai ga Buzu a ƙofa. Bai tambayi ko ana barci ba. Ya tuɓe takalmi, ya ratsa mutane, ya zauna gab da katifar. Ya kama jelar rawaninsa, rawanin da ko ɗansa bai isa ya taɓa ba, ya share wa Kawu baki da gemu a hankali, kamar yana share nasa. Shuɗin turkuɗi ya zauna a farin gemun.

"Malam, ka tashi?" in ji shi. "Madalla. Ina da tambaya, ta daɗe a aljihuna. Jikana ya saya mini waya. A Tenhiya ba ta magana sai na hau tudu. In abin nan naka yana tafiya a sarari shi kaɗai, me ya sa yake jin tsoron kwari?"

Kawu ya buɗe ido. Ya girgiza wuyan hannuna, wato bismilla.

Na fara amsawa. Na sha farce ranar har hannuna ya yi kamar an yi mini shasshawa, zaure yana ta dariya, kowa yana jefo tasa amsar, Buzu yana cewa, "A'a, ku bari Malam ya yanke." Taubashiyata ta ɗaga waya daga bakin ƙofa don Yaya ya ji. Ta ce har aka watse bai kashe wayar ba. Da la'asar ta zo da ruwa za ta wanke shuɗin gemun, Kawu ya kawar da kai. Aka bar masa abinsa.

Da magariba muka mayar da shi ɗaki. Washegari zazzaɓi ya rufe shi, bai ƙara samun ƙarfin da za a motsa shi ba. Kafin wata kasuwar ta zagayo, Allah Ya karɓi abinsa.

Sau biyu Kawu ya fita daga ɗakin ƙurya a hannunmu. Na gode wa Allah, na farkon idonsa biyu.

Ya Ubangiji, bawanka ya sha ƙunci a ɗaki mai taga ɗaya. Ka yalwata masa inda yake kwance yanzu, Ka cika shi da haske, Ka gafarta masa, Ka gafarta mana mu da muka saki labulen. Amin.